Kafin ka zuba kuɗinka a labarin fantasi mai dogon zango

Duk mai son fara karanta irin littattafan nan na fantasi, wato masu sihiri da sarakuna da duniyar da marubuci ya ƙirƙiro da kansa, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce: an gama rubuta labarin ko ba a gama ba? Don wallahi ba abin da ya kai ciwo irin ka cinye shafi dubu huɗu sannan a ce maka sai ka jira.

Shi ya sa ba na saurin tura mutane wajen A Song of Ice and Fire na George R. R. Martin, duk da cewa wajen gina mutane ba a cewa komai. Mutanensa suna da son zuciya, suna tsoro, suna cin amana, mai gaskiya ma ana iya fille masa kai tun a littafin farko. Amma fa na farkon ya fito 1996, na biyar 2011, cikin bakwai da ya yi alkawari, har yau shiru kake ji. In ka iya jira bismillah. Kuma ka lura wajen saye, bugun Ingila mai bango mai laushi sun raba littafi na uku da na biyar gida biyu-biyu, kar ka ɗauki rabi kana murna ka samu duka.

The Wheel of Time kuma an gama shi, littafi 14 ne, Robert Jordan ya fara a 1990 ya rasu a 2007, Brandon Sanderson ya ƙarasa ukun ƙarshe, aka rufe a 2013. Duniyar tana da faɗi sosai, sai dai wajen littafi na takwas zuwa na goma labarin yana jan ƙafa har masoyansa ma suna ƙorafi. Na masu haƙuri ne da lokaci.

In abin da ya dame ka shi ne duniya mai canzawa, to Mistborn na shi Sanderson ɗin ya dace da kai. Ukun farko, 2006 zuwa 2008, a wata daula ce da toka ke zubowa daga sama, masu sihiri suna haɗiye ƙarfe su samu ƙarfi, kowane ƙarfe da aikinsa, ba wai a ɗaga sanda kawai abu ya faru ba. Sai a 2011 ya dawo duniyar bayan shekara ɗari uku, ga bindiga ga jirgin ƙasa ga lantarki, jaruman farko sun koma tarihi har ana gina addini a kansu. Turancinsa mai sauƙi ne, batsa kusan babu. Inda nake da ja da shi kawai, mutanensa wani lokaci sun cika tsabta, kana iya hango abin da za su yi tun daga nesa.

Robin Hobb akasin haka ce. Littafi 16 ta rubuta a duniya ɗaya daga 1995 zuwa 2017, kana haɗuwa da Fitz yana ɗan shekara shida, ɗan yarima ne da aka haifa ba ta aure ba, aka koya masa kisan ɓoye, kana tare da shi har ya manyanta. Yana yanke shawarar banza, ya yi nadama, ya sake maimaita ta, haushi zai kama ka kamar ƙaninka ne ya ƙi jin magana. Labarin ba ya gudu ko kaɗan, kuma akwai baƙin ciki jingim, mai neman yaƙi kowane babi zai gaji da wuri.

Ni dai in za a ce in zaɓi ɗaya da ya haɗa biyun, wato duniya mai canzawa da kuma gina mutane, The First Law na Joe Abercrombie zan ɗauka. Uku na farko 2006 zuwa 2008, sai wasu uku da kowanne ke tsaye da ƙafarsa, sai ukun ƙarshe 2019 zuwa 2021 inda 'ya'yan mutanen farko ne ke jan ragama, masana'antu sun cika gari da hayaƙi, 'yan ƙwadago suna bore, banki ya fi takobi ƙarfi. Akwai Glokta, tsohon gwanin takobi da abokan gaba suka gana wa azaba suka nakasa shi, ya dawo gida shi ma ya zama mai gana wa wasu, hawa bene ma yaƙi ne a wajensa, kuma sai ka tsinci kanka kana tausayinsa. Amma gaskiya jini da ashar da batsa suna nan, ba na yara ba ne, kuma littafin farko kusan gabatar da mutane kawai yake yi, sai a na biyu abin ke ɗaukar zafi.

Ko wanne ka zaɓa kar ka sayi saitin gaba ɗaya tashin farko, ɗauki na ɗaya kawai. In a waya kake karatu, manhajar karatu ta Kindle tana ba da shafukan farko kyauta, ka ɗanɗana Turancin tukuna ka ga ko zai shige ka. Masu son saurare kuma, Steven Pacey ne ya karanta The First Law, kowane mutum da muryar da ya ba shi.