Shekara guda da amfilifayar Fender Rumble 100 a bukukuwan Legas

A kan gadar masu tafiya da ƙafa ta Oshodi na yanke shawarar sauya amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara ƙarfin sautin jita. Tsohuwar tana bisa kaina, jita a baya, taransifoma a hannu, ga dina da za mu yi a Surulere ƙarfe bakwai. Tun da gwamnati ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da wasu ƙananan hukumomi huɗu a watan Yunin 2022, duk makaɗin da ba shi da mota ya san ciwon kaya masu nauyi. A danfo kuma yaron mota kuɗin kujera guda zai caje ka a kan amfilifayar.

Jitar bes nake kaɗawa, mai tsirkiya huɗu, a Agege nake zaune. Mu shida ne a ƙungiyarmu: mawaƙi, mai fiyano, mai gangunan zamani, masu kalangu biyu, sai ni. Kamu da dina da suna su ne yawancin aikinmu, wani lokaci kuma abokanmu Yarbawa su gayyace ni owambe, wato babban shagalin bikinsu. Tsohuwar amfilifayar tokumbo ce da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120, alhali tamu 230 ce, shi ya sa ba ta zuwa ko'ina sai da taransifomarta.

Na tafi kasuwar Alaba da ke Ojo da jitata da wayata, don ban yarda in gwada amfilifaya da jitar shago ba. Na gwada guda uku, na tsaya a kan Fender Rumble 100. Kafin in biya sai da na juya bayanta na karanta da idona cewa ta wutar 230 ce. Duk mai sayen kayan sauti a Legas ya fara da wannan.

Nauyinta kusan kilo 10 ne. Da hannu ɗaya nake ɗaukarta, a keke kuma a cinya nake ɗora ta. Lasifika ɗaya gare ta mai faɗin inci 12, ƙarfinta wat 100. Da na fara ɗaga ta na ɗauka abu mai sauƙi haka ba zai yi amo ba, sai da na taɓa tsirkiyar E, wadda ta fi kowace kauri, na ji ta cika shagon ba tare da karkarwa ba.

Amma abin da ya sa nake yaba ta har yau wani ɗan rami ne a bayanta, mai ƙafa uku, irin na wayar makirufo, da ake kira XLR. Ta nan sautina ke tafiya kai tsaye zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin duk makaɗa, daga can manyan lasifikun ɗakin taro su raba wa jama'a. Na daɗe ina zaton aikin amfilifayata ne ta kai sauti har teburin ƙarshe, sai wani dattijon injiniyan sauti a Idi-Araba ya gyara min tunani. Ya ce: “Ɗana, wannan taka ce kai da mai ganga, ku ji juna. Jama'a nawa ne, ka bar min su.” Na ce to Baba. Daga ranar na daina murɗa ta har ƙarshe, mawaƙinmu ma ya daina waiwayena yana haɗa rai.

Kusa da ramin akwai ɗan maɓallin da ke yanke wayar ƙasa tsakanin amfilifaya da miksa. Wanda ya taɓa aiki da janareta ya san gurnanin nan da ke cika lasifika idan an jona amfilifaya a soket ɗaya, miksa a wani. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, sautin G na ƙasa a jitar bes kuma sau 49 ne, don haka gurnanin yana zama daidai inda nake aiki, ya dagula duk waƙar da ta bi ta wurin. A wani biki a Obalende gurnanin ya tashi ana dab da shigo da amarya, na danna maɓallin, ya ɗauke ɗif. Ba kowane lokaci yake magani ba, don idan wayar jitarka ce ta lalace ko janaretan ne ke rawa, sai ka nemi gyara a can. Ni dai ban taɓa jona ta ba tare da sitabilaiza ba, musamman a wuraren da ake sauyawa tsakanin NEPA da janareta ana cikin kiɗa.

Akwai maɓallai uku na sauya launin sauti: Bright, Contour da Vintage. Contour yana da daɗi ƙwarai idan kai kaɗai ne a ɗaki, saboda yana rage tsakiyar sauti ya ƙara ƙasa da sama. Da zarar kalangu biyu sun tashi kuwa, sai ka neme ka ka rasa, ana jin dirin a ƙirji amma ba a gane abin da kake kaɗawa. Yanzu a kashe nake barinsa. A ɗakunan taro masu tayil da rufin kwano ina rage ƙasan kaɗan, in ƙara tsakiya ta ƙasa, in kuma janye ta daga lungu, don bango biyu suna kumbura sautin bes. Vintage nake kunnawa idan mun shiga waƙoƙin iyaye mata masu tafiya a hankali, yana tausasa sautin ya bar wa kalangu fili ya yi magana.

Wat 100 tana da iyakarta, kuma da sanina na zaɓe ta. A filin da aka kafa rumfuna a titi, idan masu biki ba su ɗauko manyan lasifiku masu ɗaukar ƙasan sauti ba, mai ganga mai ƙarfin hannu zai rufe ka. Wanda yawancin aikinsa a waje ne, ya duba yayarta Rumble 500, mai lasifika biyu na inci 10, wadda ake iya ƙara mata wani akwatin lasifika. Sai dai ta haura kilo 16, ni kuma har yanzu Oshodi nake tsallakawa.

Damshin Legas ma sai an yi shiri da shi. A damina tsirkiya tana tsatsa cikin 'yan makonni idan ba ka goge ta bayan kowane wasa ba, bakin waya kuma ya yi kore ya fara ƙara. Ina tafiya da wayoyi biyu, da batirin bolt 9 na ajiya saboda jitata mai batir ce, kuma ina zare wayar duk lokacin hutu don barinta a jone yana shanye shi. Ita kuwa amfilifayar, wani tela a layinmu ya ɗinka mata riga da tamfol, ya bar tsaga a sama inda mariƙin ke fitowa. Ruwan Yuni ya kama mu da ita sau biyu a tashar Iyana Ipaja, muka isa wurin biki, na share ta, na jona, ta tashi lafiya lau.