Hattara da masu gyaran injin wanki da ke cewa "moto ya ƙone"

Jama'a, akwai wata cuta da ake yi wa masu injin wanki a gidaje, kuma mata ta fi shafa, domin su ake tararwa a gida. Masu yin ta suna tallata kansu a Facebook da WhatsApp cewa suna gyara har gida. Mutum zai zo, ya kunna injin, ya kasa kunne na ɗan lokaci, ko murfin baya bai kwance ba sai ya girgiza kai: "Hajiya, sai haƙuri, moto ya ƙone, fanel ɗin ma ya tafi." Daga nan ya nemi kafin alƙalami, ya ciro moto da fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, ya tafi da su shago.

Abin da ke biyo baya shi ne abin takaicin. Wani zai sauya ɗan ƙaramin abu, ya goge motonki ya dawo miki da shi a matsayin sabo. Wani ya riƙe naki na asali mai naɗin tagulla, ya ɗaura miki na gwanjo ko mai wayar alminiyam. Wani kuma shi ke nan, lambarsa ta daina shiga.

Moto yana ƙonewa, ba a musu, amma sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. A injin mai baho biyu, idan moto yana gurnani bai juya ba, sai a fara zargin kafasita, ɗan abin nan da ke taimaka wa moto ya tashi. Duk wanda ya taɓa tura fankar sama da sanda kafin ta tashi ya san wannan ciwon, kuma ya san maganinsa ba sabuwar fanka ba ce. A injin mai ƙofa a gaba wanda ke aiki da bel, akwai burushin kabon guda biyu da ke gogar cikin moton, kuma cinyewa suke yi da aiki. Idan sun ƙare, injin zai ɗebi ruwa, ya zubar, amma gangar da ake zuba kaya a ciki ba za ta motsa ba. Sauya su aiki ne mai sauƙi, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin moto ba. A nan mayaudaran suka fi cin kasuwa, domin alamar tana ba da tsoro alhali gyaran ba wuya.

Bel ma yakan tsinke ko ya zame. Makullin ƙofa idan ya lalace, fanel ba zai ba moto wuta ba sam, don an yi shi ne kada injin ya juya ƙofa a buɗe.

Maganar fanel ita ma a bi ta a hankali. Idan ganga ta zabura da gudu tun daga farawa, yawanci ɗaya cikin biyu ne: ko na'urar da ke bayan moto mai auna saurinsa ta samu matsala, ko wani ɗan abu mai ƙafa uku a jikin fanel da ake kira tirayak ya ƙone. Hawa da saukar wutar NEPA da ta janareto suna yi masa illa. Mai gyaran talabijin da ya iya aikinsa zai iya cire shi ya liƙa wani, ba tare da an jefar da fanel gaba ɗaya ba. Injinan zamani kuwa da kansu suke faɗin inda ke musu ciwo: LG yakan nuna LE a fuskarsa, Samsung yakan nuna 3E ko 3C. Wannan yana nufin matsalar tana ɓangaren moto, ba lallai moton ne ya mutu ba, wani lokaci waya ce ta saki ko an cika kaya da yawa. Kuma a duba takardar garanti, domin LG na ba da shekara 10 a kan motonsa marar bel. Wanda ya bari aka kwance shi a waje yana iya rasa wannan haƙƙin.

Mai gyara na gaskiya zai zare filogi, ya buɗe baya, ya ɗora mitar awon wuta a kan koyil, wato naɗin wayar moto, a gabanki, ya nuna miki abin da ya gani. Wanda ya zo ba mita amma yana da amsa tun daga bakin ƙofa, a sallame shi da kuɗin mota.

Idan dole sai an fita da moto ko fanel, a ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, a yi masa alama da fenti a inda ba a lura, a kuma san shagon mutumin ido da ido kafin a ba shi ko sisi. A ce masa tun farko duk abin da ya cire zai dawo da shi. Wanda aka riga aka cuta, ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin da suka yi, ya kai ƙara wurin shugabannin kasuwar da mutumin yake, ko 'yan sanda, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Don Allah kada kowa ya sa hannu cikin injin da ke jone da wuta. Kafasita tana riƙe caji ko bayan an zare filogi, tana iya jan mutum.