Na raka ƙawata neman sa'ar aure a Izumo

Tun da na zo karatu Japan, duk wayar da za mu yi da Hajiya da tambaya ɗaya take ƙarewa: "To, har yanzu shiru?" Shi ya sa ranar da wata ƙawata 'yar ƙasar, wadda muke ɗakin bincike ɗaya, ta ce in raka ta Izumo Taisha, wani tsohon wurin bauta na Shinto, addinin gargajiyar Japan, neman sa'ar aure, sai da na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce zan je, amma ni 'yar kallo ce: ba zan rusuna ba, ba zan tafa ba, ba zan jefa ko sisi ba. Ta ce ba komai. Kuma tun shigarmu har fitarmu ba wanda ya ko ɗaga ido ya dubi mayafina. Shiga kyauta ne, ba a tambayar addinin kowa a ƙofa.

Abin da zai fara gajiyar da mutum shi ne nisa. Wurin yana lardin Shimane, can yammacin ƙasar a bakin teku. Mun bi jirgin ƙasa na dare mai suna Sunrise Izumo daga Tokiyo, kusan awa 12, sannan muka ƙara da wani ƙaramin jirgi. Mai gaggawa ya hau jirgin sama. Filin jirgin ma an liƙa masa kalmar "enmusubi" a sunansa, wato ƙulla alaƙa, kalmar da za ka ji har ta ishe ka a garin nan.

Mabiya Shinto sun ɗauki Okuninushi, abin bautar da aka gina wurin dominsa, a matsayin mai ƙulla tsakanin mutane. A imaninsu, duk watan 10 na tsohuwar kalandarsu, abubuwan bautarsu na faɗin ƙasar kan hallara a Izumo su yi taro a kan wa zai haɗu da wa. Don haka sauran Japan ke kiran watan "watan da babu alloli", mutanen Izumo kuwa su ce "watan da alloli suke nan". Ƙawata ta ce ba aure kaɗai ake nufi ba, har abokin kasuwanci da aikin yi da maƙwabci nagari. Na ce mata to me ya sa mafi yawan waɗanda muke gani 'yan mata ne biyu-biyu, uku-uku? Ta yi murmushi ta ja hannuna.

Na zaci zan tarar da kasuwar soyayya mai jan fenti da hayaniya. Abin da na tarar cikin harabar ya sha bamban. Hanyar shiga gangara ce, sannan ta miƙe tsakanin tsofaffin itatuwa, kowa na bin gefe domin tsakiyar, wai, ta alloli ce. Katakon ginin ba fenti, ya yi duhu saboda shekaru. Babban ɗakin na yanzu an gina shi a 1744, tsayinsa mita 24, kuma ba a shigarsa, daga bayan shinge ake hangensa. Wannan ya ɗan ba ni haushi bayan doguwar tafiya, amma da muka zagaya ta baya, inda dutse da kurmi suka rufe shi, sai na ga girmansa sosai, har na yi shiru. A shekarar 2000 masu tono sun gano gindin wasu ginshiƙai a harabar, kowanne gungume 3 ne aka ɗaure wuri ɗaya, abin da ya ƙarfafa tsohon zancen cewa ginin dā ya kai mita 48. An zana da'irar ginshiƙan a ƙasa. Na tsaya cikin ɗaya, na ji kamar tururuwa.

Sai igiyar nan da kowa ke ɗaukar hotonta. Da karan shinkafa aka tufka ta, tsawonta ya haura mita 13, nauyinta kusan tan 5, tana rataye a gaban wani zaure da ake ɗaura aure a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tufkar igiyar guga zai san aikin da aka sha. A nan na fi daɗewa.

Ƙawata ta wanke hannu, ta jefa ƙwandalar yen 5, domin sunan kuɗin da harshensu ya yi kama da kalmar alaƙa. Ta rusuna sau 2, ta tafa sau 4, ta sake rusunawa. A mafi yawan wuraren Shinto tafi 2 ake yi, nan ne aka ninka. Ta daɗe ido rufe. Da ta juyo na ga idonta ya yi ja, sai na haɗiye tsokanar da na tanada. Shekarunta 34, kuma ashe tata mahaifiyar ma ba ta barin ta ta sha ruwa.

Inda na rage wa wurin maki shi ne titin da ke kaiwa ƙofa. Komai an sa masa enmusubi an ƙara kuɗi: tsinken cin abinci, alewa, madubi, hoton zomo. Wani shago ya sayar mini da ɗan kek mai kyan kwali, ciki kuwa ba abin a zo a gani. Abincin garin dai ya yi daɗi, musamman zenzai, wato jan wake mai zaƙi da curin shinkafa, wanda ya ɗumama ni cikin sanyin nan. Taliyarsu ta soba a ƙananan akusa 3 ake jero ta, amma Musulmi ya tambaya kafin ya ci, don ana yawan zuba giyar girki a romonta. Ban ga wurin salla a kusa ba, sai da na nemi wani lungu a bakin tekun Inasa, tafiyar kamar minti 15 a ƙafa.

Maki 4 cikin 5 na ba shi. Mai son tsohon gini da tarihi ya je da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, ya kuma kwana ɗaya a garin. Mai neman wurin hoto kawai, Kiyoto ta fi masa kusa.

Da daddare na tura wa Hajiya hoton igiyar. Ta turo saƙon murya: "Wannan ta ɗaure wane irin sa ce?"