Damina takwas da bindigar araha mai sakata

Gonata tana tsakanin Dindima da Alkaleri, in ka saki titin Gombe ka bi hanyar shanu. Gyaɗa nake yi da masara da ɗan riɗi. Duk wanda ya taɓa shuka gyaɗa a bakin daji ya san aikin kurege: ka shuka da safe, kafin la'asar ya bi layi yana tonewa kamar tare kuka auna ramukan. In ta fara ƙwari gafiya ta karɓa, gyazbi kuma ya faɗa wa masara ta wajen fadama. Wannan ne ya kai ni ga sayen bindiga, kuma yau damina takwas ke nan tana hannuna. Samari a majalisa sun sha tare ni da hotunan da suke gani a Facebook suna tambayar ko ta araha tana aiki, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani.

Tawa irin mai sakata ce, kuma sunan ya dace da ita, don aikinta ɗaya da sakatar ƙofa. Ka ɗaga hannun, ka ja baya, kwanso ya fita. Ka tura gaba, ta ɗauki sabon harsashi, ka kwantar da hannun ta kulle. Harbi ɗaya, ɗani ɗaya. Tsohuwar dabara ce, Bajamushen nan Paul Mauser ya kai ta matuƙa da samfurinsa na 1898, kuma dattawan da suka ga 'yan sanda da mak-fo sun san irin motsin hannun da nake nufi. Harsashinta shi ne ɗan ƙaramin nan .22 LR, wanda ake yi tun 1887, darmarsa ba ta kai giram 3 ba.

Kafin maganar inganci, akwai maganar hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha yake. Ta farauta irin tawa da mai baki biyu, sai da lasisin Sufeto Janar. Masu faɗin baki irin na soja kuwa, milimita 7.62 da 9 da inci .300 da .303, suna cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ni da takardata na saya, a wurin dila mai rajista, kuma ba na wasa da sabunta ta. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ce ta dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka duk wanda ya kira ka gefe ya ce yana da wata mai sauƙin kuɗi ba takarda, ɗaurin kurkuku yake tallata maka.

Abin da ya ba ni ma'auni shi ne bindigar kawuna, tsohon ma'aikacin gandun daji. Tasa Brno ce, samfuri na 2, wanda aka fara ƙerawa a Cekoslobakiya a 1954. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Tawa kwaikwayonta ce sak, wani kamfani ne a waje ya ɗauki fasalin ya sauƙaƙa aikin, kuma kuɗinta bai kai rabin abin da ake nema a kan ta asali ba. Ranar da na kai masa ita ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ajiye su gefe da gefe. Daga nesa ka ce tagwaye ne: gidan harsashi mai cin biyar, tsawo ɗaya, har maɓallin tsaron iri ɗaya, wanda ake turawa gaba a kulle, a jawo baya a buɗe. Da ya ja sakatar tawa sai ta yi ƙarar yashi. Ya ja tasa, ta zame kamar an shafa mata man shanu. Ya juya tawa ya nuna mini sawun injin a jikin ƙarfen, wanda ba a goge ba, da katakon da farce ke iya shata wa layi.

Na ce, “Kawu, ke nan na yi asara?”

Bai amsa ba sai da ya zare sakatar, ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken ƙofa. Ya daɗe yana juyawa. Sannan ya ce, “Yaro, araha ba ta ado, wannan kowa ya sani. Amma ba ado ka je saye ba. Cikinta lafiya lau. Mu je bayan gari.”

A cikin bututun akwai zane mai murɗewa, wanda ke juya harsashi zagaye ɗaya a kowane inci 16, kuma shi ne ke sa ya tafi a miƙe. A nan maƙeran tawa ba su yi ha'inci ba. Muka kafa kwali a gindin wata ganga ta ƙasa, muka auna taki hamsin, kowa ya ɗora bindigarsa a kan buhun ƙaiƙayi. Harbi biyar na Kawu marfin kwalbar lemo ya rufe su. Nawa biyar ɗin sai da gindin ƙaramin gwangwanin tumatir. Da muka yi musaya, ya harba tawa, sai ramukan suka matso kusa da juna fiye da yadda na yi. A nan na gane rabin tazarar daga hannuna take, kuma hannun nawa kunamar ce ke ruɗa shi.

Kunamar nan ita ce babban aibinta, kuma a kanta nake so mai saye ya fi tsayawa. Ta Kawu kana matsawa a hankali sai ta karye tsaf, kamar ka karya tsinken tsintsiya. Tawa tana da nauyi, kuma kafin ta tashi sai ta yi ta jan ciki tana ƙugi, ba ka san daidai inda za ta saki ba. Yatsa in ya gaji da jira sai ya fizga, baki kuma ya kauce. A daminar farko na saita wata zabuwar daji a bakin gonar riɗi, ba ta fi taki arba'in ba. Na yi bismillah, na matsa, na ji da kaina lokacin da na fizga. Maimakon ta faɗi sai ta tashi da ƙafa ɗaya tana reto, ta faɗa cikin sarƙaƙiya. Na neme ta har magariba ta kawo jiki ban same ta ba. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin rai ne na raunata na bar shi ya mutu a wahale, ba yanka, ba amfani ga kowa. Tun daga ranar na ɗauki alkawari ba zan sake ɗaga ta a kan mai rai ba sai na san kunamar kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Na ƙona kwali biyu na harsashi a kan takarda kafin na koma daji.

Wani ya ba ni shawarar in kai wa maƙeri ya goge ta da zarto ta yi laushi. Kawu ya hana, kuma ina gode masa. Ɗan haƙorin da ke riƙe da ɗanin bai fi ƙwayar gero ba, in aka ci shi fiye da kima bindiga tana iya tashi da kanta in ta bugu da dutse ko an rufe sakata da ƙarfi. Gara mai nauyin da ka saba da ita. Da tafiya ta yi tafiya ma ta ɗan lafa, sakatar kuma ta goge kanta, yau ba ta wannan ƙarar yashin.

Sai katako. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, ƙotar takan sha laima ta kumbura ta dafa bututun ta gefe ɗaya, sai ka ga harsashi ya koma hagu da faɗin yatsa biyu. In hunturu ya shigo ta bushe, ya dawo inda yake. Yanzu sau biyu a shekara nake sake gwada saiti, farkon damina da bayan kaka. Baƙin rinin jikin ƙarfen ma siriri ne, gumin tafin hannu kawai in ya kwana sai ka tashi ka ga jan tsatsa. Tsumma da man keken ɗinki sun wadatar, in dai ba ka yi kasala ba. Da hunturu kuwa mai kaɗan ake sawa, don ƙura tana haɗuwa da shi ta zama kwaɓa a cikin sakata.

A damina ta biyar ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso ya karye. Ƙarfe ne da bai kai farcen ɗan yatsa ba, amma wata huɗu bindigar tana jingine kafin dilan ya samo mini wani, kuma a cikin watannin nan ne gafiya ta yi mini ɓarnar da ta fi kuɗin ƙugiyar sau da yawa. Wannan lissafin ba ya cikin farashin da ake faɗa maka ranar saye. Harsashin ma haka: a shekara takwas abin da na kashe a kansa ya haura kuɗin bindigar, kuma kwanson .22 ba a sake cika shi, domin abin kunna wutar a bakin gindinsa yake, da zarar an buga ya gama aiki. Dalilin da ya sa ma ba a son a riƙa matsa kunamar irin wannan bindiga ba harsashi ke nan, allurar tana iya cin bakin ɗakin harsashi.

Hotunan da samari ke nuna mini yawanci na Amurka ne, kuma akwai darasi a cikinsu. Masana'antar Savage ta fito da Axis, ta Ruger ta fito da American a 2012 a kan ƙasa da dala 500, ta Mossberg ta biyo da Patriot a 2015. Dabarar duka ɗaya ce: a rage kuɗi a ƙota, a yi ta da roba, a bar goge-goge da ƙyalli, a zuba kuɗin a bututu da kunama. Ruger ɗin kunamarsa ana iya daidaita nauyinta tun daga masana'anta, Savage ma ta sa irin wannan a Axis II. A ganina wannan shi ne rabon da ya dace, kuma ƙotar roba, duk da ba ta da kwarjinin katako, ba ta san Agusta ba. Amma da yawa daga cikinsu a manyan harsasai suke zuwa, don barewar can aka yi su, wasu ma faɗin bakinsu ya faɗa cikin jerin da dokarmu ta hana. Jikar bindigar Kawu, CZ 457, tana nan ana ƙerawa a garin Uherský Brod na ƙasar Cek, kuma ita ce zan nema da ina da hali.

Iyakar .22 kuma dole mutum ya yarda da ita. In ka daidaita ta a mita 50, kafin mita 100 harsashin ya sauka da kusan taƙi guda, iska kaɗan kuma tana ture shi. Ta kurege ce da zomo da gafiya da gyazbi da fakara. Mugun dawa ba sa'anta ba ne, wanda ya harbe shi da ita zalunci kawai ya yi. Duk da ƙanƙantarta, harsashin da ya kuskure yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana tsalle in ya daki dutse ko ruwa. Dajinmu ba kango ba ne, akwai yaran Fulani da shanu, akwai mata masu itace. Ba na harbi sama a kan reshe, ba na harbi sai na ga ƙasa ko tudu a bayan abin da na saita. Yankari kuwa tana kudu da mu, an keɓe ta tun 1956, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma farauta a cikinta haramun ce a doka. Giwayen da suka rage a wurin ba su da yawa. Ban taɓa tsallaka iyakar da bindiga ba, kuma ba na zama inuwa ɗaya da mai yin haka.

Da za a mayar da ni ranar saye da kuɗin da ke aljihuna a lokacin, zan sake ɗaukar ta. Sai dai zan nemi dilan ya fito da uku ko huɗu, in leƙa cikin kowacce, in gwada maɓallin tsaro, in ji sakata, in zaɓi wadda kunamarta ta fi tsabta, sannan in sayi ƙugiya da gidan harsashi na ajiya a ranar.

Makon jiya Kawu ya zo gonar a bayan babur ɗin jikansa, idonsa ya fara rauni, ya daina harbi. Muna zaune a gindin ɗorawa sai ga zomo ya fito bakin kunya. Na ɗora bindigar a gwiwa, na yi bismillah, na bi kunamar a hankali har inda na san tana saki. Ya faɗi nan take, na ruga na same shi da sauran motsi na yanka. Da na dawo Kawu ya karɓi bindigar, ya cire gidan harsashin, ya ja sakatar sau biyu yana saurare, ya goge sawun yatsuna da bakin rigarsa ya miƙo mini. Ya ce a kai wa gwaggo zomon, ta kwana biyu tana marmarin romo.