Hattara da masu anketin bogi a unguwannin Tawa

Jama'ar Tawa, a kula da masu shiga gida-gida da rajista da salula a hannu, suna cewa wani furoje ne ya turo su binciken halin rayuwar iyali. Da hantsi suka fi zuwa, lokacin da maigida ya fita. Sukan soma da tambayoyin da aka saba: mutum nawa ke cin tukunya ɗaya, buhu nawa aka girbe bana. Can sai su ce wanda ya amsa zai shiga jerin masu samun tallafi, amma sai ya ajiye jika ɗaya ko biyu kuɗin rajista.

Binciken gaskiya ba a biyan ko dala a cikinsa, kuma mai bincike ba ya alkawarin taimako, domin da ya yi, kowa zai faɗi abin da zai kawo masa buhu, amsoshin su lalace.

Kuɗin ma shi ne ƙaramar asara. Hoton katin ɗan ƙasa da suke ɗauka ana iya buɗe layin waya da shi da sunanka, a cuci wani, a zo wurinka. Lambobi 6 na tabbatar da WhatsApp da ke shigowa wayarka ta saƙo, in ka karanta musu, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, su shiga roƙon danginka kuɗi. Dangwala yatsa a farar takarda kuwa, gobe ta zama shaidar ka karɓi kayan da ba ka gani ba. Iyayenmu mata da ba su yi boko ba su aka fi cuta ta nan, abin da ciwo.

Wanda Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ko Jami'ar Djibo Hamani ta turo, yana ɗauke da takardar aike mai hatimi, kuma ya bi ta wurin mai unguwa. Kafin tambayar farko zai bayyana da Hausa wa ya aiko shi, me za a yi da amsoshin, da cewa kana iya ƙi ko ka tsaya a tsakiya ba abin da zai same ka. Ba ya naɗar murya sai ka yarda. Yaron da bai kai shekara 18 ba, sai da izinin iyayensa. Wajen nazarin amsoshi, lamba ake sawa a madadin suna.

In sun zo, a tambayi takardarsu, a aika yaro ya kira mai unguwa tun suna zaure. Wanda ya riga ya ba da lambobin nan 6 ko hoton kati, ya je ofishin kamfanin wayarsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma.