Tiyon birki mai saƙar ƙarfe: feda ta yi ƙarfi, amma wosha biyu sun ci mini kwana uku

Motata ta haura shekara 12, kuma birkinta ya daɗe yana ba ni haushi. Tana tsayawa dai, sai dai fedar ta yi laushi kamar ana taka soso. Sai ka danna ta kusan rabi kafin ka ji ta kama, in kuwa an sauko doguwar gangara sai abin ya ƙara lalacewa. Shi ya sa na sayi saitin tiyon nan mai saƙar ƙarfe da ake ta yabo, guda huɗu, na haɗa da sabon lainin gaba da lita ɗaya ta man birki DOT 4, na ce wannan karon da hannuna zan yi aikin a gida.

Hujjar masu yabon ta kama hankalina. Tiyon roba in ya tsufa yana ɗan kumbura duk lokacin da aka taka birki, sai wani kaso na ƙarfin ƙafarka ya ƙare wajen kumbura roba maimakon matse lainin a jikin faifai. Wannan kuwa cikinsa teflon ne, wani irin filastik mai santsi, an saƙa masa ƙarfe marar tsatsa a waje, ba shi da hanyar kumbura. Da na buɗe kwalin ma na yaba, kaya ne masu kyan gani.

Sai da na ɗaga mota da jak, na cire tayoyi, na kwance tsofaffin tiyo, mai yana ɗiga, sannan na ƙirga woshar jan ƙarfen da ke cikin ledar. Guda shida! Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san kowane noti da ke ɗaure tiyo a jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse laini a jikin faifai, wosha biyu yake ci, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Taya huɗu, wosha takwas ke nan. Na zazzage kwalin, na duba ƙarƙashin mota, na laluba aljihu, babu. Rana ta yi nisa, mota tana kan jak, sai na yi abin da na san bai kamata ba: na goge tsofaffi biyu na mayar a tayar baya ta hagu. Ita irin wannan woshar sau ɗaya ake amfani da ita. Laushinta ne ke sa ta lotse ta toshe ƙofar mai, in ta lotse sau ɗaya ta taurare shi ke nan.

Ƙanena ne ya zauna a kujerar direba muka cire iskar da ta shiga cikin tiyon. Daga tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon da feda ke tura mai da shi, muka fara, ina ƙasa da sifana ina cewa "Taka, riƙe, saki," shi kuma yana ta mita. Na sa masa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ya kai ta ƙasa, saboda tsohuwar masta in aka tura ta inda ba ta saba zuwa ba robobinta na iya yagewa. Man da ya fito da farko baƙi ƙirin, har kunya ta kama ni. Da muka gama ya ce, "Yaya, yanzu kam kamar dutse." Na shiga na taka, haka ne. Amma da na riƙe ƙafata na ɗan lokaci sai na ji fedar tana sulalewa ƙasa sannu a hankali. Na ce wa kaina gajiya ce, na je na kwanta.

Da safe na tarar da cikin rim ɗin baya na hagu a jiƙe da man birki, fentin wurin ya tashi ya yi ƙuraje. Man birki ba ya raga wa fenti ko kaɗan. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, don da na fita titi a haka ban san inda za a kwana ba. Na aika wa mai kayan hoton ledar da na rim ɗin, amsar da na samu ita ce kayansu ba sa fita sai an ƙirga. To ni na haɗiye biyun? Kwana uku mota tana tsaye kafin na samo wosha daidai girman notin, na sake ɗaurewa, na sake cire iskar wannan tayar, na sake roƙon ƙanena.

Bayan nan kam ba ni da ta cewa a kan fedar. Tana kamawa tun daga sama, kuma kana jin daidai inda ta kama, in ka ƙara ƙarfi kaɗan mota ta ƙara tsayawa kaɗan. A cunkoso ne na fi jin daɗin wannan, na daina yi wa mutanen da na ɗauko tsayuwar dungure. Sabon lainin ya yi kuka kwana biyun farko, sai da na sami hanyar da babu kowa na rage gudu da ƙarfi sau takwas a jere ba tare da tsayawa cak ba, na bar shi ya huce, sannan ya zauna ya yi shiru.

Amma kada wani ya ɗauka tiyon ne ya yi duk wannan. A ganina sabon mai ya fi shi aiki. Man birki yana shan danshi daga iska, kuma DOT 4 da sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius yake tafasa yana sabo, in ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155. Da ya tafasa a gangara sai tururi ya cika tiyo, feda ta nutse. Nawa kuwa ya fi shekara biyar ba a taɓa shi ba. Tiyon bai rage tazarar da mota ke tsayawa ba, wannan aikin taya ne da laini, abin da ya canza shi ne yadda fedar ke amsa ƙafa.

Kuma akwai wani abin da har yanzu bai kwanta mini ba. Tiyon gaba na dama ya ɗan gaza na asali tsawo, in na murɗe sitiyari har ƙarshe sai ya miƙe tsaf, saƙar ƙarfen tana neman gogar ƙarfen da ke riƙe da shi. Irin wannan saƙar kamar zarto take, abin da ta goga sai ta ci shi. Na sassauta na gyara masa zama, na sa roba a tsakani, duk mako ina leƙawa. Na sake tura wa mai kayan saƙo a kan wannan, yau kwana tara, ya karanta bai amsa ba. Rim ɗin kuma yana nan da tabonsa.