Ƙara wa injin mota ƙarfin doki: me za ka saya, me za ka guje wa

Idan motarka mai turbo ce tun daga kamfani, kada ka wahalar da kanka da dogon bincike. Fara da sake saitin ƙwaƙwalwar motar, wato ECU. Ita ke yanke yawan iskar da turbo zai tura, da yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Kamfanoni kan bar sarari da gangan saboda motar ta jure wa mai mara kyau da zafin ƙasashe daban-daban, kuma wannan sararin ne mai saiti yake cin moriyarsa. A injin turbo mai lafiya, ƙarin ƙarfi na kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba abin mamaki ba ne, ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba. Ni dai a nan zuciyata take. Amma ka sani kuloci da giyabos su za su ɗauki nauyin, garantin kamfani kuma yakan tafi.

Injin da ba shi da turbo fa? Saitin ba zai ba ka abin kirki ba. Babban salansa da matatar iska ta tsere yawanci ƙara suke sayarwa, dawakai kaɗan ne a ciki. Ɗora turbo a injin da ba a yi shi don haka ba kuwa, sai ka shirya canza nozul, famfon mai, da abin sanyaya iska, wani lokaci har fistin.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na taɓa sayen ɗan akwatin nan da ake cusawa a kafar OBD, wato soket ɗin da makaniki ke jona kwamfutar gwajin mota, an ce zai ƙara ƙarfi nan take. Da na fasa shi, fitila ce kawai mai ƙyaftawa. Akwai wani nau'in da ake haɗawa da sensar zafin iska, yana yi wa ƙwaƙwalwa ƙaryar cewa iskar ta yi sanyi. Mai kawai yake sha.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne mai laftof da ya kwafo fayil ɗin saitin ECU daga intanet. Wani ya zuba mini irinsa cikin minti goma, bayan wata biyu na fara jin ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da na taka totur a hawa. Ashe wutar tana tashi kafin lokacinta, har gefen fistin ɗaya ya ƙone.

Don haka kafin ka miƙa makulli, ka tambaye shi: zai ajiye maka fayil ɗin asali? Zai ɗora motar a na'urar daino, mai auna ƙarfin injin, kafin aiki da bayansa, ya nuna maka takardar? Wane oktan ɗin mai, wato ma'aunin jurewar fetur ga tashin wuta kafin lokaci, ya yi saitin a kai? In ya fara kame-kame a ta farko, karɓi makullinka ka tafi.